Yadda Za Ku Gano Ko Kamfanin Intanet Ne Ke Cusa Talla a Shafukan da Kuke Buɗewa, da Matakin da Za Ku Ɗauka

Masu karatu sun sha aiko da tambaya a kan abu guda: mutum ya buɗe shafin da ya san ba ya ɗauke da talla, sai ga wani allo ya sauko daga sama ko ya toshe ƙasan shafin, wani lokaci ma da tambarin kamfanin da yake sayen intanet a wurinsa. Suna son sanin ko da gaske kamfanin ne yake yin haka, da kuma ko doka ta ba shi dama. Ba a iya amsa ta biyun sai an tabbatar da ta farko, domin yawancin tallace-tallacen da ake ɗora wa kamfanonin intanet laifinsu daga cikin wayar mutum ko kwamfutarsa suke fitowa. Duk da haka abin yana faruwa. A wani nazari da aka wallafa a 2008, masu bincike a Jami'ar Washington sun gwada haɗin intanet sama da 50,000, suka tarar an sauya shafin gwajinsu a kan hanya a fiye da kashi 1 cikin 100 na cikinsu, kuma a 2014 an gano kamfanin Comcast na Amurka yana cusa saƙonnin tallarsa a shafukan masu amfani da Wi-Fi ɗinsa na wuraren jama'a.

Abin da kuke buƙata shi ne kwamfuta ɗaya, waya ɗaya, da layin intanet na biyu daga wani kamfani daban, ko da aron hotsifot ne na ɗan lokaci. Duk manhajojin da za a ambata kyauta ne, ban da VPN (manhajar da ke rufe zirga-zirgarku ta intanet ta bi da ita ta wani kamfani daban), kuma aikin ba ya cin data mai yawa.

1. Ku rubuta abin da kuka gani kafin ku taɓa komai

Da zarar tallar ta bayyana, ku ɗauki hoton allon gaba ɗaya, yadda adireshin shafin da agogon na'urar za su fito a ciki. Ku rubuta kwanan wata, lokaci, sunan kamfanin intanet ɗin, da irin haɗin da kuke kai, wato ko datar waya ce, ko Wi-Fi na gida, ko na otal ko filin jirgi.

Gargaɗi: kada ku danna tallar don ganin inda za ta kai ku. Wanda ya cusa ta bai tace ta yadda mai shafi zai tace ba, kuma ta irin wannan hanya ake kai mutane shafukan damfara.

2. Ku duba farkon adireshin shafin

Wannan matakin shi kaɗai yana raba gardama a mafi yawan lokuta. Shafin da adireshinsa ya fara da http yana ratsa na'urorin kamfanin intanet a buɗe, kamar wasiƙar da ba a liƙe ambulan ɗinta ba, don haka duk wanda ta bi ta hannunsa yana iya karantawa, ya kuma ƙara wani abu a ciki. Shafin da ya fara da https kuwa a rufe yake tsakanin burauzarku da sabar mai shafin, wato kwamfutar da shafin yake ajiye a cikinta, kamfanin intanet yana iya sanin sunan shafin da kuka nufa, amma ba ya iya sauya ko harafi ɗaya ba tare da burauza ta ƙi karɓa ba. Burauzoji da yawa suna ɓoye farkon adireshin, saboda haka ku danna cikin gurbin adireshin domin ya bayyana. Tun watan Yulin 2018 Chrome take nuna gargaɗin rashin tsaro a kan duk shafin http.

Idan tallar a shafin https ta fito, to kusan tabbas ba kamfanin intanet ba ne, ko dai mai shafin ne ya sa ta, ko kuma wani abu ne a cikin na'urarku. Idan a shafin http ne, zargin yana nan, sai a ci gaba.

Gargaɗi: in burauza ta nuna muku cewa takardar shaidar wani sanannen shafi, wato shaidar da burauza ke tabbatar da ainihin shafin https da ita, ba ta inganta ba, kada ku danna ci gaba, kuma kada ku yarda ku girka wata takardar shaida da wani layin Wi-Fi ya ce sai da ita za ku shiga. Girka ta yana nufin kun ba mai layin mabuɗin shafukanku na https da hannunku.

3. Ku fitar da na'urarku daga zargi

Ku buɗe wannan shafin a wata burauza wadda ba ku maƙala mata ko da ƙaramar manhaja ɗaya ba, sannan ku buɗe shi a wata na'ura daban a kan layi guda. Idan tallar tana fitowa a na'ura ɗaya kawai, matsalar tana cikin wannan na'urar. Ku duba jerin ƙananan manhajojin da aka maƙala wa burauza, ku kashe su duka, sannan ku riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ta bayyana. A waya, ku duba manhajojin da aka girka kwanan nan, musamman masu ikirarin tsaftace waya, ƙara mata sauri ko ba da VPN kyauta, tare da waɗanda aka ba izinin bayyana a kan sauran manhajoji.

Bai kamata a raina wannan matakin ba ko da na'urar sabuwa ce fil. A 2015 aka gano cewa wasu kwamfutocin Lenovo sun fito daga masana'anta da manhajar Superfish, wadda take cusa talla har a shafukan https, domin ta dasa takardar shaidarta a cikin kwamfutar. Masu waɗannan kwamfutoci da sun kai ƙarar kamfanin intanet ɗinsu, da sun zargi wanda ba shi da hannu.

Rautar gida, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ita ma abar dubawa ce. Idan duk na'urorin da ke gidan suna nuna tallar, ku shiga shafin saitin rautar ku duba adireshin DNS da ke ciki, wato sabar da ke fassara sunan shafi zuwa lambobin adireshinsa, domin masu kutse suna sauya shi a rautocin da aka bar su da kalmar sirrin da suka zo da ita. In kun ga lambobin da ba ku sani ba, ku mayar da rautar yadda ta fito daga masana'anta, ku sa sabuwar kalmar sirri, sannan ku sake gwaji.

4. Ku gwada layi biyu da na'ura ɗaya

Ku buɗe shafin a layin da kuke zargi, sannan ku sauya zuwa layin ɗaya kamfanin ku sake buɗe shi. Tsakanin gwajin biyu dole ne ku goge ajiyar wucin gadi ta burauza, ko ku yi amfani da sabuwar taga ta sirri, in ba haka ba burauzar za ta nuna muku kwafin da ta ajiye daga layin farko, ku ɗauka tallar tana bin ku ko'ina. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi.

Ku maimaita gwajin sau da dama a lokuta daban-daban na yini. Na'urorin cusa talla ba sa taɓa kowane shafi a kowane lokaci. Cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta bayyana a rahotonta na 2018 cewa na'urorin da ke kan layin Telecom Egypt a Masar suna aiki ta hanya biyu, wani lokaci su karkatar da ɗimbin masu amfani zuwa shafukan talla na ɗan gajeren lokaci, wani lokaci kuma su riƙa taɓa wasu zaɓaɓɓun adireshi kaɗai. Gwaji ɗaya da ya fito da tsabta ba ya wanke kamfani.

5. Ku kwatanta ainihin rubutun shafin

Hoton allo yana nuna cewa kun ga talla, amma ba ya nuna wanda ya sa ta. Hujjar da take tsayawa ita ce kwafi biyu na rubutun da aka gina shafin da shi, ɗaya daga kowane layi, tare da nuna layukan rubutun da aka ƙara a ɗayan.

Ku zaɓi shafin da ba ya sauyawa. Shafin labarai bai dace ba, domin yana canzawa kowane minti, kuma tallarsa ta halal za ta rikita kwatancen. Adireshin example.com, wanda hukumar IANA ta keɓe domin misali da gwaji, ya dace saboda gajere ne kuma babu talla a cikinsa. A kwamfuta mai Windows ku buɗe Command Prompt, a Mac ko Linux ku buɗe Terminal, sannan a layin da kuke zargi ku rubuta:

curl -i http://example.com -o layi1.txt

Ku sauya zuwa layi na biyu ku rubuta wannan umarnin, amma ku sa wa fayil ɗin suna layi2.txt. Daga nan ku kwatanta su. A Windows umarnin shi ne fc layi1.txt layi2.txt, a Mac da Linux kuma diff layi1.txt layi2.txt. Bambancin kwanan wata da lokaci a saman fayil ɗin ba komai ba ne. Abin da kuke nema shi ne layin rubutun da ya fara da kalmar script ko iframe wanda yake a fayil ɗaya babu shi a ɗayan, galibi dab da farkon shafin ko a can ƙarshensa, kuma yana kiran wani adireshi da ba na mai shafin ba. Wani lokaci adireshin lambobi ne zalla, wani lokaci kuma sunan kamfanin intanet ɗin yana cikinsa ƙarara. Akwai kuma salon da ba a ƙara komai a shafin, sai dai a saman fayil ɗin ku ga lamba 302 ko 307 tare da adireshin wani wuri daban, ma'ana an tare buƙatarku an juya ta zuwa shafin talla tun kafin amsar gaskiya ta iso.

Gargaɗi: wasu na'urorin cusa talla suna gane cewa curl ba burauza ba ce, sai su ƙyale ta. Idan fayilolin biyu sun zo iri ɗaya alhali kuna ganin tallar a burauza, ku koma burauzar ku danna Ctrl da U tare (a Windows ko Linux) domin ganin rubutun shafin, ku adana shi a kowane layi, ku kwatanta. Za ku iya kuma danna F12, ku shiga sashen Network, ku sake loda shafin, ku ga jerin duk adireshin da aka kira. Wannan hanya ta biyu tana kama wani salo mai wayo, inda ba a taɓa shafin kansa, sai a musanya ɗaya daga cikin fayilolin JavaScript, wato ƙananan umarnin da ke aiki a cikin shafi, da yake kira.

Wanda ba shi da kwamfuta yana iya girka manhajar OONI Probe a waya, wadda take da gwaje-gwajen gano ko akwai na'urar da ke taɓa zirga-zirgar http a tsakani. A sani cewa manhajar tana wallafa sakamakon gwajin a bainar jama'a tare da sunan ƙasa da na layin, sai dai in an kashe wannan a saitinta, kuma wasu gwaje-gwajenta suna buɗe shafukan da wasu gwamnatoci suka haramta, don haka a karanta bayaninta kafin a kunna.

6. Ku gwada adireshin da babu shi

A Command Prompt ko Terminal, ku rubuta nslookup sannan wani dogon suna na shirme da ya ƙare da .com, wanda kuka tabbata ba a yi masa rajista ba. Amsar da ta dace ita ce babu wannan adireshin. Idan aka ba ku lambar wata saba, kuma burauza ta kai ku shafin bincike cike da talla, to ana karkatar da kurakuranku na rubutu ana cin kuɗi da su. Wannan ba cusa talla cikin shafin wani ba ne, amma ɗan uwansa ne, kuma ya cancanci shiga cikin hujjarku.

7. Ku tattara hujjar wuri guda

Ku haɗa hotunan allo, fayilolin kwatance, jerin lokutan gwaji, da sunan layin da aka yi kowane gwaji a kai. Daga sashen Network na burauza ana iya fitar da fayil mai suna HAR, wanda yake ɗauke da duk abin da ya gudana.

Gargaɗi: fayil ɗin HAR yana iya ƙunsar bayanan shigarku asusu. Ku ɗauke shi a tagar sirri wadda ba ku shiga kowane asusu a cikinta ba, kuma kada ku wallafa shi a fili. Haka nan ku yi hattara da wallafa cikakken rubutun da aka cusa. A Indiya a 2015, wani masanin kwamfuta da ya wallafa rubutun da ya tarar ana cusawa a layin Airtel ya samu wasiƙar gargaɗi daga lauyoyin kamfanin Flash Networks, mai fasahar da ke cusa rubutun, suna cewa ya keta haƙƙin mallakarsu. Nuna 'yan layukan da suka isa hujja da kuma adireshin da suke kira ya wadatar a bainar jama'a, cikakken kwafin kuma a miƙa wa hukuma.

8. Ku auna abin da kuka samu da doka

Babu amsa ɗaya ga duniya baki ɗaya, amma tambayoyi uku ake yi kusan ko'ina, kuma da su za ku gina ƙorafinku.

Ta farko ita ce ko kun amince. Ku nemo yarjejeniyar da kuka karɓa lokacin sayen layin, da takardar manufofin sirri ta kamfanin, ku binciki duk inda aka ambaci talla, sanarwa a burauza, ko raba bayanai da abokan hulɗa. Dokokin hana satar sauraron sadarwa, irin dokar Amurka ta 1986, suna da togaciya ga abin da aka yi da amincewar mai layi, kuma a nan kamfanoni suke fakewa. Wi-Fi na kyauta da ya nuna muku sharuɗɗa kuka danna amincewa yana da kariya fiye da layin da kuke biya wanda bai taɓa gaya muku komai ba. A ganina amincewar da aka binne a shafi na talatin na yarjejeniya ba amincewa ba ce ta gaskiya, amma kotuna ba koyaushe suke ganin haka ba. A Amurka, masu amfani da suka kai kamfanin intanet na Embarq ƙara saboda ya bar kamfanin talla na NebuAd ya sa na'urar bibiya a layinsa sun sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara a 2012.

Ta biyu ita ce ko an leƙa abin da kuke karantawa ko an bi sawunku. Wannan ta fi cusa tallar kanta nauyi a idon hukumomi. Kamfanin BT na Birtaniya ya gwada fasahar Phorm, mai bibiyar shafukan da mutum ke buɗewa domin zaɓa masa talla, a kan abokan cinikinsa a 2006 da 2007 ba tare da sanar da su ba, lamarin da ya sa Hukumar Tarayyar Turai ta buɗe shari'ar saɓa doka a kan gwamnatin Birtaniya a 2009. A Amurka kuma hukumar sadarwa ta FCC ta sa Verizon biyan dala miliyan 1.35 a 2016, saboda lambar shaida ta ɓoye da yake maƙalawa a zirga-zirgar masu amfani da wayarsa domin masu talla, aka kuma tilasta masa neman izini kafin ya raba lambar da wasu kamfanoni.

Ta uku ita ce ko ƙasar tana da dokar da ta hana kamfanin intanet taɓa abin da ke ratsa layinsa. A Tarayyar Turai dokar 2015/2120 ta fito fili a sashe na 3, inda ta hana toshewa, rage gudu, sauyawa ko tsoma baki cikin abin da ake aikawa, sai a 'yan yanayi da aka lissafa, kuma neman kuɗin talla ba ya cikinsu. Indiya ta amince da ƙa'idoji masu kama da haka a 2018. A Amurka abin ya yi ta kai da komowa: an kafa ƙa'idojin a 2015, aka soke su a 2017, aka dawo da su a 2024, sannan wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe su a Janairun 2025, ko da yake jihohi irin su Kalifoniya suna da dokarsu. Inda babu irin wannan doka, ana komawa ga dokar kare masu saye, dokar kare bayanan mutum, da sharuɗɗan lasisin kamfanin.

Ku bambanta talla da sanarwa. Saƙon da ke cewa datarku ta kusa ƙarewa, ko da ta wannan hanyar aka cusa shi, hukumomi sun fi yi masa sassauci fiye da tallar wani kamfani da aka biya kuɗi a kanta. Mai shafi ma yana da nasa ƙorafin daban, domin an sauya aikinsa an kuma ci riba da shi ba da izininsa ba, amma wannan magana ce ta haƙƙin mallaka da take buƙatar lauya.

9. Ku shigar da ƙorafi bisa tsari

Ku fara da kamfanin, a rubuce ba ta kiran waya ba, domin yawancin hukumomi ba sa sauraron wanda bai fara bin wannan hanya ba. Ku faɗi abin da kuka gani da lokacinsa, ku haɗa da layukan da aka ƙara, sannan ku nemi abu uku: a tabbatar ko a musanta cewa daga na'urorinsu ne, a nuna muku sashen yarjejeniyar da ya ba su dama, a kuma cire layinku daga tsarin. Ku karɓi lambar ƙorafi ku adana. Ma'aikacin farko da zai amsa muku zai iya cewa ƙwayar cuta ce a na'urarku, kuma a nan ne sakamakon mataki na 3 da na 4 zai yi muku amfani.

Idan wa'adin da dokar ƙasarku ta ba kamfani ya wuce babu gamsasshiyar amsa, ku kai maganar ga hukumar kula da sadarwa, in kuma akwai alamar bibiya, ku haɗa da hukumar kare bayanai. Irin wannan ƙorafi galibi ba a biyan kuɗi a kansa. A Amurka, misali, ƙorafin farko a FCC kyauta ne kuma ana ba kamfani kwana 30 ya amsa. Zuwa kotu ne yake cin kuɗi, kuma asarar mutum ɗaya ba ta cika kai kuɗin lauya ba, shi ya sa irin waɗannan ƙararraki kan zama na haɗin gwiwa.

Gargaɗi: ku rubuta abin da kuka gani kawai. Faɗin cewa an ƙara waɗannan layuka a wannan layin a wannan lokaci hujja ce, amma zargin kamfani da sayar da bayananku ba tare da shaida ba yana iya juyowa kanku.

10. Ku toshe hanyar tun kafin a amsa muku

A Firefox ku kunna HTTPS-Only Mode, wanda yake nan tun 2020, a Chrome kuma ku kunna Always use secure connections a sashen tsaro. Da wannan burauza za ta fara neman https, ta kuma gargaɗe ku kafin ta buɗe shafin http. Domin maganin karkatarwar da aka bayyana a mataki na 6, ku kunna rufaffen DNS. A wayoyin Android daga na 9 zuwa sama ana samun Private DNS a saitin haɗi, inda za a rubuta dns.google ko dns.quad9.net ko one.one.one.one. Sauya lambobin DNS zuwa 8.8.8.8 kawai ba tare da rufewa ba bai isa ba, domin kamfanin yana iya tare tambayar a hanya ya amsa da kansa.

VPN yana rufe har zirga-zirgar http daga idon kamfanin intanet, sai dai yana mayar da wannan ikon ne hannun kamfanin VPN ɗin, kuma an sha kama na kyauta suna cusa tallarsu. In za ku yi amfani da shi, ku zaɓi wanda ake biya duk wata kuma masu bincike na waje suka tantance shi. Manhajar toshe talla tana ɓoye allon daga idonku, amma ba ta hana a karanta shafin a kan hanya ba, saboda haka ku kashe ta lokacin gwaji, kada ta ɓoye muku hujjar da kuke nema.

Masu shafuka kuwa maganin yana hannunsu gaba ɗaya. Takardar shaidar https kyauta ce daga Let's Encrypt, kuma yawancin kamfanonin ajiye shafuka suna sabunta ta da kansu. Bayan girka ta, a juya duk mai shigowa ta http zuwa https, a kunna HSTS domin burauza ta daina gwada buɗaɗɗiyar hanyar, sannan a bi shafin a tabbatar babu hoto ko fayil ɗin JavaScript ko ɗaya da ake kira ta http.